Sanin Motar Gari Ma Guzuri Ne

Duk wanda ya saba raka 'yan'uwa filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ko na Abuja, ko na Yamai, ya san yadda matafiyinmu ke shirya fita ƙasar waje. Fasfo ya fito, biza ta samu, an je Wapa an canjo dala, an kama otal ta waya, uwargida ta haɗa yaji da kilishi da garin kunu, an zaga dangi an yi sallama, an nemi albarkar iyaye. Komai an yi masa tanadi sai abu guda, wato yadda mutum zai tashi daga masaukinsa ya je wurin da ya zo dominsa, ya kuma dawo, da ƙafarsa da saninsa. Wannan akan bar shi ne ga wani yaro da aka ce zai tare shi a can, ko ga direban tasin da ya fara cin karo da shi a ƙofar filin jirgi. Sharhinmu na yau yana kan wannan giɓi. Ra'ayina shi ne, ɗan kasuwa ko ɗalibi ko mai Umara ko mai rakiyar majinyaci da ya sauka a birnin da ke da jirgin ƙasa na cikin gari da bas-bas masu tsari, amma ya ƙare kwanakinsa bai koyi shigarsu ba, ya tafka asarar da ta wuce kuɗin mota. Ya miƙa wa wani ikon zaɓa masa abin da zai gani da wanda ba zai gani ba.

Ba rashin wayo ke jawo haka ba, sabo ne. A Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram, abin da muka tashi da shi shi ne A Daidaita Sahu da tasi da hayis da acaɓa ko kabu-kabu. Ka tsaya a bakin titi ka ɗaga hannu, ka faɗi inda za ka, a yi ciniki, ka sauka inda ka ga dama. A tasha kuwa mota ba ta tashi sai ta cika, ko da ɗan kamasho zai wuni yana kiran fasinja. Babu agogo a cikin lamarin, babu taswira, babu kati. Sai a 'yan shekarun nan ne wasunmu suka fara ganin wani salo, tun da Legas ta ƙaddamar da bas masu titinsu na kansu a 2008, jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara jigila a 2016, jirgin cikin birnin Legas kuma ya soma ɗaukar mutane a 2023. Saboda haka mutumin da ya shekara hamsin yana ciniki da direba baki da baki, idan ya tarar da na'ura tana sayar da tikiti da ƙofar ƙarfe da ba ta buɗewa sai an dangwala mata kati, abin da zuciyarsa za ta fara gaya masa shi ne ya koma waje ya nemi mota mai mutum a ciki.

Mu ɗauki birnin da 'yan kasuwarmu suka fi yi wa zarya, Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin. Tun 2007 aka hana babura yawo a tsakiyar birnin, don haka mai neman ɗan acaɓa irin na gida zai daɗe yana jira. Abin da ke ɗauke da jama'ar garin shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda layinsa na farko ya fara aiki a 1997, yau kuma ya yi rassa ko ta ina, yana kwasar miliyoyin mutane a kowace rana. Abin lura a nan shi ne kusan duk inda Bahaushe ke nema a garin yana bakin wata tasha. Daga filin jirgin saman Baiyun mutum zai shiga Layi na 3, ya sauka a Jiahewanggang ya koma Layi na 2, wanda zai kai shi Sanyuanli, unguwar da ke cike da kasuwannin tufafi da jakunkuna da takalma da 'yan Afirka ke saro kaya. Tasha ɗaya gaba ita ce babbar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, inda kasuwar tufafi ta Baima take. Daga nan idan ya koma Layi na 5, tasha ɗaya tak zai yi ya isa Xiaobei, inda baƙi Musulmi da 'yan Afirka suka daɗe suna sauka saboda gidajen abincin halal. Mai neman yadi zai bi Layi na 8 zuwa kasuwar Zhongda, kuma wannan layin ne dai ke kaiwa Pazhou, inda ake baje kolin Canton sau biyu a shekara, bajekolin da aka fara tun 1957. Mai neman tayil ko kayan ɗaki yana da layin da ya haɗa Guangzhou da Foshan tun 2010. Ranar Juma'a ma, tsohon masallacin Huaisheng yana kusa da tashar Ximenkou a Layi na 1.

To nawa ake biya? Kuɗin jirgin yana farawa ne daga yuan 2, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan gwargwadon nisa, kuma daga filin jirgin sama zuwa Sanyuanli bai kai yuan 10 ba. Tasi a wannan tafiyar yakan ci kusan yuan 100 ko sama da haka, wato ninki goma ko fiye. Da can, lokacin da naira ke da ƙarfi, mutum na iya kau da kai daga irin wannan bambanci. Amma tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a hukumance ƙasa da naira 500 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kowane yuan da kowane dirhami da kowane riyal da ya fita daga aljihun matafiyi yanzu, an saye shi ne da gumi mai yawa. Ɗan kasuwar da zai yi fita uku ko huɗu a rana tsawon mako biyu, idan ya tara abin da ya zuba wa tasi zai tarar ya kai kuɗin ƙarin kaya, ko kuɗin otal na wasu kwanaki. Kuma kada mu manta, wannan kuɗi ba ya tsayawa a can. Yana biyo kayan har Kantin Kwari da Sabon Gari, ya hau kan farashin da talaka zai saya.

Duk da haka, kuɗin mota shi ne ƙaramar asarar. Babbar ita ce ta ido da kunne. Mutumin da ba ya iya motsawa sai an zo an ɗauke shi, ba ya zuwa ko'ina sai inda mai ɗaukarsa ya kai shi, kuma mai ɗaukar nan a mafi yawan lokuta shi ne tafinta, shi ne dillali, shi ne mai haɗa shi da kamfanin kago. Kowa ya san dillali na da la'ada a shagon da ya kai baƙo, kuma la'adar nan a cikin farashin kayan ake cusa ta. Idan akwai shaguna goma masu sayar da samfur iri ɗaya, dillalin da ke da yarjejeniya da biyu ba shi da dalilin nuna maka sauran takwas, balle ya gaya maka cewa akwai wata kasuwar a tasha huɗu gaba wadda daga can masu shagon nan suke saro nasu. Baƙo yana ganin ya yi ciniki ya rage, alhali ya yi cinikin ne a cikin da'irar da aka zana masa. Haka zai yi zuwa biyar, zuwa goma, ana ɗauko shi daga filin jirgi a kai shi otal, daga otal a kai shi shago, kamar amaryar da ake kaiwa ɗaki a lulluɓe, ta isa lafiya amma ba ta iya faɗin ta wace hanya aka bi da ita. Wanda kuwa ya iya shiga jirgi da kansa, zai iya keɓe safiya guda ya zaga kasuwa uku bai sayi komai ba, yana tambayar farashi kawai da kalkuleta a hannu. Da yamma idan ya zauna da dillalinsa, maganar da za su yi ta sha bamban da ta jiya.

Wani zai ce na ɗora wa dillalai laifi, alhali su ne ke riƙe da baƙi a ƙasar da ba su da kowa. Ban musa amfaninsu ba. Yawancinsu 'yan'uwanmu ne da suka je karatu ko neman na kansu, suka koyi yaren, suka san wane kamfani ke cika alkawari, su ne ke bin sawun kaya har a loda kwantena bayan mai kayan ya dawo gida. Wannan aiki ne na gaske kuma ya cancanci lada. Tsarin ma ba sabo ba ne a wurinmu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna sauka ne a zango wurin maigida, shi ke ba su masauki, ya ajiye musu kaya, ya tsaya musu a ciniki a kasuwar Salaga, ya karɓi la'adarsa. Sai dai waɗannan fatake da ƙafarsu suka taka hanyar. Madugu da jagaba da 'yan ayari sun san kowane zango da kowane mashigin kogi, sun san kasuwar da ke gaba da wadda ke baya, don haka idan maigida ya cuce su bana, baɗi suna iya sauka a wani gidan. Dillalin da ya san kana iya zuwa ko'ina ba tare da shi ba ya fi tsare maka amana, kuma nagari daga cikinsu ba ya jin tsoron baƙo mai sanin gari, hasali ma sauƙi yake samu, don ba sai ya wuni yana yi masa direba ba.

Abin da muka faɗa game da Guangzhou haka yake a sauran biranen fataucinmu. A Santambul, jirgin kan titi mai lamba T1 yana ratsa Aksaray da Laleli, cibiyar masu saro tufafi, ya bi ta bakin babbar kasuwa mai rufi, ya wuce Sultanahmet ya gangara Eminonu, kuma kati ɗaya mai suna Istanbulkart ke biyan kuɗinsa da na bas da na jirgin ruwa da na jirgin Marmaray da ya fara ratsa ƙarƙashin mashigin Bosforus a 2013. A Dubai, jirgin da aka buɗe a 2009 yana tsayawa a filin jirgin sama, koren layinsa kuma yana bi ta tsakiyar Deira, ta Baniyas da kasuwar zinare, sannan ƙaramin kwalekwalen da ake kira abra yana tsallakar da mutum zuwa Bur Dubai a kan dirhami 1.

Ƙorafin da ya fi kowane ƙarfi shi ne na yare da karatu. Da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwarmu ba su yi boko mai zurfi ba, wasu ba su jin Turanci, balle Sinanci. Ta yaya za a ce su shiga ramin ƙasa su nemi hanya? Amsar ita ce waɗanda suka tsara waɗannan jirage sun san miliyoyin baƙi za su shige su, don haka suka gina su a kan lamba da launi. Kowane layi da lambarsa da launinsa, taswira tana manne a saman kowace ƙofa, ana sanar da sunan tasha kafin a isa. A Guangzhou ana sanarwar da Sinanci da yaren Kanton da Turanci, sunayen tashoshi kuma an rubuta su da haruffan boko. Abin da mutum ke buƙata uku ne: lambar layi, sunan tashar ƙarshe ta ɓangaren da ya nufa don kada ya shiga mai komawa baya, da adadin tashoshin da zai ƙirga. Mutumin da ke riƙe lissafin dila ɗari a ka, yana juya yuan zuwa dala zuwa naira ba tare da alƙalami ba, ƙirga tasha shida ba zai gagare shi ba. A Alƙahira da Dubai da Saudiyya kuwa alamomin da Larabci suke, wanda duk ya yi makarantar allo zai iya haɗa baƙin ya karanta Ataba ko Baniyas. Shi kuwa tasi, a nan ne yare ya fi zama dole, domin sai ka yi wa direba bayanin inda za ka, ka fahimci abin da ya ce, ka yi gardama idan ya ƙi kunna mita. Jirgi ba ya tambayarka daga ina kake kafin ya yanka maka farashi. Idan ma mutum ya wuce tasharsa, sauka zai yi ya tsallaka ɗaya ɓangaren ya dawo. Wayar hannu ta ƙara sauƙaƙa lamarin, sai dai mai zuwa ƙasar Sin ya sani cewa manhajojin Google da WhatsApp ba sa aiki a can kamar yadda ya saba, don haka ya sauke taswirar jirgin a wayarsa tun yana gida, ya kuma riƙe katin otal ɗinsa mai adireshi da rubutun ƙasar.

Sai batun tsaro da mutunci, musamman ga mata, kuma mata ba kaɗan ba ne a cikin masu zuwa saro kaya da masu rakiyar marasa lafiya. Maigida na iya cewa gara matarsa ta shiga tasi da ta cakuɗu da maza a cunkoso. Damuwar tana da tushe, amma a duba yadda abin yake a zahiri. Jirgin Alƙahira, wanda ya fara aiki a 1987 ya zama irinsa na farko a nahiyar Afirka, yana da taragai na mata zalla a tsakiyar kowane jirgi. Na Dubai yana da sashen mata da yara, kuma namijin da aka kama a ciki tara zai biya. Na Delhi, birnin da majinyatanmu ke yawan zuwa, shi ma ya keɓe wa mata tarago guda. Tsakanin tarago mai cike da mata 'yan'uwanta, da kyamarori da ma'aikata a kowace tasha, da kuma mota a rufe ita kaɗai da namijin da ba ta sani ba a garin da ba ta san gabas ba, ban ga yadda za a ce na biyun ya fi tsare mutunci ba. 'Yan sane kam akwai su a duk inda jama'a suka cunkushe, maganinsu kuma shi ne wanda muka sani a kasuwar Kurmi: jaka a gaba, kuɗi a rarrabe, kada a zaro damin dala a bainar jama'a. Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba, wato kallon da baƙar fata ke sha a wasu ƙasashe. Ba mu manta da watan Afrilun 2020 ba, lokacin annobar korona, sa'ad da aka fitar da 'yan Afirka daga gidaje da otal-otal a Guangzhou, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ran Najeriya. Wariya gaskiya ce, kuma tana da ciwo. Amma ɓuya a cikin tasi bai taɓa kare kowa daga gare ta ba, kuma ranar da abubuwa suka rikice, wanda ya san gari ne ke iya kai kansa ofishin jakadanci ko wurin 'yan'uwa.

Akwai inda tasi ya fi, kuma ba na so a ɗauka ina cewa a yi watsi da shi. Mai manyan jakunkuna huɗu, da tsohon da gwiwa ta hana shi hawa matakala, da majinyacin da aka sallamo daga tiyata, da wanda jirginsa ya sauka ƙarfe biyun dare bayan an rufe tashoshi, duk waɗannan mota ta kansu suke buƙata. Lokacin tashi daga aiki a Alƙahira ko Delhi, cunkoson tarago ba wurin mai ƙananan yara ba ne. Manhajoji irin su Uber da Careem da Didi sun kuma rage rigimar farashi, tunda mutum na ganin kuɗin kafin ya shiga. Maganata ita ce tasi ya zama abin da mutum ya zaɓa bayan ya auna, domin mai hanya biyu shi ke iya cewa a'a idan an tsawwala masa. Mai jinyar ɗan'uwa da zai yi wata biyu yana zarya tsakanin masauki da asibiti da kantin magani, kuɗin da zai tsimi ta hanyar jirgi na iya zama kuɗin allurar da ake jira.

Inda haɗarin yake na gaske shi ne rashin sanin doka, kuma nan ne ya kamata a fi jan kunne. A gida, idan ka yi kuskure a mota, ban haƙuri na raba gardama. A can na'ura da jami'i ba su san wannan ba. A Landan tun 2014 bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, sai kati. A Jamus yawancin tashoshi ba su da shinge, mutum na iya shiga jirgi ba wanda ya tare shi, amma idan masu bincike suka same shi babu tikiti, ko da tikitin da bai buga masa hatimi ba, yuro 60 zai biya, kuma cewa shi baƙo ne ba ya fid da shi. A Dubai cin abinci ko shan wani abu a cikin jirgi tarar dirhami 100 ce. A ƙasar Sin ana saka jaka a na'urar bincike a ƙofar tasha, tikitin jirgin da ke zuwa wani gari kuma ba ya samuwa sai da fasfo. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke da wuyar koyo. Bayani ne na minti goma, amma idan ba wanda ya yi wa mutum shi, sai ya koya da aljihunsa, kuma wanda ya sha tara sau ɗaya yakan rantse ba zai ƙara kusantar jirgi ba, ya dawo gida yana tsoratar da wasu.

Ƙasa mai tsarki tana buƙatar magana ta daban, domin nan ne mutanenmu suka fi zuwa, kuma nan ne ake buƙatar rarrabewa. A kwanakin aikin Hajji, tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa, ba wurin gwada ƙwarewa ba ne. Jirgin da ya fara aiki a waɗannan wurare a 2010, mai tashoshi tara, da motocin da ke kwasar alhazai, duk an tsara su ne rukuni-rukuni da lokaci, kuma alhajin da ya ɓalle daga tawagarsa ya jefa kansa da jami'ai cikin wahala. A nan, bin jagora shi ne hankali. Amma mai Umara halinsa daban. Tun 2018 akwai jirgin Haramaini mai gudun da ya kai kilomita 300 a awa, wanda ya haɗa Makka da Jidda da filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da Madina, tafiyar kusan kilomita 450 da yake cinyewa cikin kimanin awa biyu da rabi, alhali mota kan kwashe awa biyar ko shida. Ga dattijo ko mai ciwon baya, wannan bambanci ne tsakanin isa Harami da ƙarfin ibada da isa a galabaice. Sai dai shi ma yana da abin sani. Ana sayen tikiti da wuri, musamman a watan azumi da kujeru ke ƙarewa. An ƙayyade yawan kayan da mutum zai shiga da su. Tashar Makka tana Rusaifa, akwai ɗan nisa zuwa Harami, sai an ƙara da bas ko tasi. Mafi muhimmanci, jirgin ba ya tsayawa a Zul-Hulaifa, don haka mai tasowa daga Madina da niyyar Umara ya yi wanka ya ɗaura haraminsa tun kafin ya shiga, kada ya wuce miƙati yana jiran a tsaya masa kamar yadda direban mota ke yi. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan suna neman Makka, wasu da ƙafa, wasu a bayan akori-kura, wasu suka kama jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Maliya, ba su da tafinta a gefe, da tambaya suka isa. Ba daidai ba ne jikokinsu su kasa kai kansu daga Jidda zuwa Madina.

Saura dalili guda da ba a furtawa amma yana nan a zuciya, shi ne girma. A wurinmu shiga motar haya alama ce ta rashi, kuma Alhajin da ke da motoci uku a gida yana jin nauyin a gan shi tsaye riƙe da ƙarfe a cikin tarago. Na fahimci wannan, domin a garuruwanmu mun bar sufurin jama'a ya lalace har ya zama na wanda ba shi da yadda zai yi. Amma a Landan da Santambul da Guangzhou, ma'aikacin banki da malamin jami'a da mai masana'anta duk jirgin suke shiga, saboda ya fi sauri kuma ba ruwansa da cunkoson titi. Akwai ma wata riba a nan da ta shafe mu duka. Masu fita waje su ne masu faɗa a ji a garuruwanmu, 'yan kasuwa da malamai da manyan ma'aikata da 'yan siyasa. Idan duk abin da suka gani na Dubai ko Alƙahira ta gilashin mota suka gan shi, da sha'awar gadar sama da faɗin titi kawai za su dawo. Wanda ya tsaya a tasha ya ga jirgi na zuwa kowane 'yan mintoci, ya ga ɗalibi da lebura da tsohuwa sun isa inda za su a kan kuɗi kaɗan, shi ne zai dawo ya tambayi gwamnansa me ya sa birni kamar Kano, mai miliyoyin mutane, har yanzu ya dogara kacokan a kan babur mai ƙafa uku.

Wa zai ɗauki nauyin koyarwar? Hukumar Alhazai ta Ƙasa da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohi sun riga sun saba shirya bita, ana koya wa maniyyata ɗawafi da sa'ayi har da yadda ake amfani da banɗakin jirgin sama. Kamfanonin da ke shirya Umara su ara wannan, su ƙara da darasi kan jirgin Haramaini da bas-bas ɗin Makka da Madina. Masu sayar da tikiti da neman biza, waɗanda ke karɓar kuɗi masu kauri, ba zai gagare su ba su miƙa wa kowane matafiyi takarda shafi ɗaya da Hausa, ta boko da ta ajami, mai nuna layin da ke fita daga filin jirgi, inda ake sayen kati, da dokokin da ke jawo tara. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kwari da Sabon Gari da Farm Centre suna da mambobin da suka yi shekaru suna zuwa Sin da Turkiyya, saƙon murya na minti biyar daga bakin ɗayansu zai zaga wayoyin kasuwa kafin la'asar. Ɗalibanmu da ke Azhar, waɗanda Layi na 3 na jirgin Alƙahira ke bi ta Abbasiyya kusa da masaukinsu, da takwarorinsu na Sin da Indiya, su ma suna da rawar takawa. Idan baƙo ya sauka, a ranar farko su raka shi tasha, su bar shi ya sayi katin da hannunsa, ya karanta taswirar da bakinsa, su tsaya a bayansa har ya kai kansa kasuwa ko asibiti ya dawo. A rana ta biyu su ba shi lambar wayarsu, su bar shi ya tafi shi kaɗai.